Tsakanin Maratta da Galmi

Ɗana, idan ka tashi daga Madawa ka bi kwalta ka nufi Ƙonni, sai ka ratsa Galmi. Duniya ta san ta da albasa, amma abu biyu nake so ka riƙe game da wannan yanki. Can kusa da ita Maratta take, inda aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1754. A Galmi kuma ƴan mishan na SIM suka buɗe likita a 1950, wadda har gobe ba ta daina aiki ba. Ƙasar da ta haifi mai jihadi ita ce ta saukar da Kirista baƙo, fiye da shekara 70 ke nan, kuma masallatanmu ba su ragu ba.

Ba zan ɓoye maka ba, waɗanda suka gina likitar nan da bishararsu suka zo, kuma ba su taɓa musun haka ba. Iyayenmu ma sun sani. Duk da haka sun kai matansu masu doguwar naƙuda, sun kai yaransu da zazzaɓin damina ya kayar, suka karɓi magani, suka yi godiya, suka fito suka shimfiɗa buzu suka yi salla. Je ka ga ƴan jinya da magariba. Tsohuwa daga Buza tana hura wuta, ta miƙa wa wata baƙuwa garwashi ba tare da ta tambayi inda take fuskanta in za ta yi addu'a ba. Ma'aikaci Kirista ya riƙe hannun wani alhaji yana neman jijiya, alhajin yana salati, shi kuma yana ce masa, "Sannu Baba, saura kaɗan." Taron fahimtar juna tsakanin addinai da ake kira a manyan ɗakuna na Yamai da Tawa yana da amfaninsa, kuma ina girmama malamai da fastoci da ke zama cikin kwamitocin tattaunawar addinai na CDIR. Amma abin da suke nema da takarda da lasifika, talakan Adar ya daɗe yana yin sa a bakin gadon marar lafiya.

Haka aka yi a Keita. Bayan farin 1984, kuɗin Italiya ne, tare da hukumar FAO da abincin hukumar PAM, suka tayar da aikin farfaɗo da ƙasar da ta mutu. Maza da yawa sun tafi cin rani, mata ne suka ɗauki duwatsu a ka, suka jera su a gangaren tsauni, suka haƙa ramuka, aka dasa miliyoyin itatuwa. A kwarin Majiya kuwa tun 1975 ƙungiyar CARE ta fara jera layukan bedi don tare iskar da ke kwashe ƙasar gona. Ba wanda ya tsaya a ƙarƙashin inuwar nan yau ya ce haram ce don ba Musulmi ne ya biya kuɗin irin ba.

Kada wani ya ruɗe ka cewa zama da wanda ba addininku ɗaya ba sassauci ne a aƙida. Ba a ce ka haɗa salla da sujadar coci ba, ba a kuma ce ka yarda da abin da ba ka yarda da shi ba. Tambayi malaminka ina Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tura sahabbansa lokacin da Makka ta yi musu zafi. Habasha ya tura su, wurin sarki Kirista, saboda adalcinsa. Ya karɓi tawagar Kiristocin Najran a Madina, suka yi muhawara, ba su musulunta ba, aka yi yarjejeniya suka koma gida lafiya. Ya bar duniya sulkensa yana jingine wurin wani Bayahude a kan abincin iyalinsa. Wanda ya fi kowa tsoron Allah ke nan. Kai da ni ba mu fi shi kishin addini ba.

Shi ya sa abin da ya faru a Janairun 2015 yake ci mini rai har yanzu. Wata jarida a Faransa ta yi zanen ɓatanci, kuma duk Musulmi ya ji ciwon abin, ni ma na ji. Amma ranar 16 ga wata a Damagaram, da washegari a Yamai, wa aka huce a kansa? Majami'u da gidaje da shagunan ƴan ƙasarmu, mutanen da ba su zana komai ba. An rasa rayuka 10, an ƙona coci fiye da 40 a Yamai kaɗai. A cikin kwanakin nan akwai Musulmin da suka buɗe ƙofa suka ɓoye maƙwabtansu Kirista a ɗakunan matansu. Idan irin wannan rana ta sake zuwa, Allah ya kiyaye, cikin waɗannan nake so a same ka.

A Madawa da Buza da Keita Kirista ƴan kaɗan ne: malamin lakwal da aka turo daga wata jaha, ungozoma, mai sayar da kayan babur da ya zo daga kudu, da wasu ƴan gidaje da suka karɓi addinin tun zamanin kakanninsu. Ƙarancinsu shi ne ya sa nauyin ya dawo kanmu. Ba su da yawan da za su kare kansu, amanarsu a hannunmu take. Haka ma ragowar Azna da ke ƙauyuka. Ka yi musu wa'azi in kana da ilimi, amma ba ka da izinin wulaƙanta tsoho don yana kan abin da ya gada.

Sai dai in gaya maka gaskiya, ɗana, babban ciwonmu a cikin gida yake. Ɗan Izala ba ya bin ɗan ɗariƙa salla, ɗan ɗariƙa ba ya zuwa jana'izar ɗan Izala, ƴan uwa ciki ɗaya sun daina gaisawa a kan ƙabalu da sadalu. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai: bakin da ya saba zagin Kirista, gobe malamin masallacin gaba zai kafirta. Ka tuna Bangi, a nan gundumar Madawa, cikin Nuwamban 2016, lokacin kaka. Rikicin manoma da makiyaya ya ci mutum 18 bisa ƙidayar hukuma, har da mata da yara. Babu coci a wannan magana. Waɗanda suka kashe da waɗanda aka kashe duk alƙibla ɗaya suke kallo. Abin da ya ɓace a ranar shi ne ganin girman ran ɗan Adam, kuma wanda ya rasa shi ba ya tsayawa tambayar addinin wanda ke gabansa.

Don haka fara da abin da ke hannunka. In kana cika buhun albasa, kada ka binne ruɓaɓɓu a tsakiya ka jera masu kyau a baki, ko mai sayen alhaji ne ko Bayarabe Kirista daga Kwatano. In ka ci bashi a shagon mutumin nan na kayan babur, biya shi ranar da ka ce, domin shi ba ya karanta littattafanmu, kai yake karantawa. In an yi masa rasuwa, je ka yi masa gaisuwa. In kana zaune a fada ana shan shayi, wani ya kunna muryar WhatsApp da ke cewa wai wane ya zagi addini a gari kaza, kada ka tura wa kowa. Tambayi wanda ya kunna: wa ya gani da idonsa, yaushe, a ina? In abin ya yi kama da gaskiya, liman yana nan, mai gari yana nan, sarki yana nan, hukuma tana nan. Kai musu maganar da ƙafarka, kafin yara su kai ta kasuwa.