Bege Ba Naɗe Hannu Ba Ne

Akwai tambayar da takan taso a zukatanmu duk sa'ad da masifa ta auka wa ikkilisiya: shin haƙurin nan da ake yi mana wa'azinsa, ba wani suna ne kawai da muka laƙaba wa rashin ƙarfinmu ba? Mukan ce kome nisan dare gari zai waye. Gaskiya ne. Amma wanda aka ƙone masa gida da rumbu yana da ikon ya tambaya: me zan yi kafin asuba?

Ikkilisiya tana koya mana cewa bege, tare da bangaskiya da ƙauna, baiwa ce da Allah da kansa yake zubawa a zuciya. Waliyyi Toma Akwinas ya nuna cewa ramuka biyu ke gefen hanyar bege. Na fari shi ne fid da zuciya, wato mutum ya ɗauka Allah ya juya masa baya. Na biyu kuwa ganganci, wato mutum ya sa rai ga alherin Allah ba tare da tuba ko aiki ba. In mun lura, mutanen nan biyu zamansu ɗaya ne: kowannensu ya naɗe hannu.

Mu dubi abin da ya faru a Yola. A shekarar 2014, da Boko Haram suka ci Madagali da Michika da Mubi, dubban mutane suka gudu zuwa can. Bishop Stephen Dami Mamza ya buɗe musu harabar babbar majami'ar Waliyya Tereza, Kirista da Musulmi baki ɗaya. Masu bi na garin su ma suna cikin tsoro, gama ba wanda ya san inda maharan za su tsaya. Duk da haka aka girka tukwane, aka shimfiɗa tabarmi. Da ƙura ta lafa, yawancinsu suka koma gida, saura waɗanda ƙauyukansu ba su shiguwa. Domin su ne Dayosis ɗin Yola ta gina gidaje 86 a Sangere-Marghi, aka buɗe su a 2021, da makaranta da majami'a, har da masallaci domin Musulmin da ke cikinsu.

Wasu sun yi gunaguni a kan masallacin, kuma ba za mu raina zafin da ke bayan gunagunin ba, gama akwai waɗanda suka binne 'ya'yansu. Amma mu yi tunani: wanda ya yanke ƙauna daga gobe ba ya aza tubali. Wanda ya gina wa maƙwabcinsa wurin salla ya gaskata cewa 'ya'yansu za su sake ɗiban ruwa a rijiya ɗaya. Wannan shi ne bege.

Ashe ikkilisiya ba ta jira ta sami ƙarfi tukuna sa'an nan ta taimaki wani. Cikin ɗaukar kayan wani ne ƙarfin yake zuwa mata. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Gurasar da muke karɓa a Misa ma, sai an kakkarya ta kafin ta kai ga kowa.

Saboda haka kada mu jira sai babbar masifa. A cikinmu akwai gwauruwar da aka daina leƙawa tun bayan jana'iza, akwai yaron da aka koro daga makaranta saboda kuɗi. Zumuntar Mata, matasa, da katikis na kowane ƙauye, mu nemo su a wannan mako. Ubangiji ya riƙe hannuwanmu. Amin.