Turi da Haƙƙin Mai Abu: Hukuncin Abin da Ke Cikin Memori

Babbar waya ba ta zama banza don kawai mai ita ba shi da data. A ƙasar Gumel, wato ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, akwai masu riƙe da Android da yawa waɗanda sai jefi-jefi suke sayen data, wasu saboda tsada, wasu saboda sabis ɗin ƙauyensu ba ya jan bidiyo. Tsadar ta ƙaru tun watan Janairun 2025, lokacin da hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanoni ƙarin farashi har kashi 50 cikin 100. Amma wayoyin nan a cike suke. Abin da ke cika su shi ne turi: a ɗora daga kwamfuta zuwa memori, ko daga waya zuwa waya ta Xender ko Bluetooth, hanyoyin da ba sa cin ko sisin data.

Mai turi sau da yawa shi ne mai cajin waya. Rumfa gare shi, da sola ko janareta, da kwamfuta mai cike da kaya. Ranar Alhamis, da kasuwar Maigatari ke ci, masu kawo dabbobi daga Dungas da Magarya da sauran ƙasar Damagaram sukan bar waya a caji su shiga kara, in sun dawo su ce a zuba musu sabon abu. Daga nan memorin ya tsallaka iyaka, ya shiga ƙauyuka da rugage, kowa ya ce wa ɗan'uwansa "tura min". Da haka abin da mutum ɗaya ya sauke da datarsa yake kaiwa wayoyin da ba a san adadinsu ba.

Kayan kuwa gauraye ne. Akwai manhajar Alƙur'ani mai buɗewa ba tare da intanet ba, ko da yake almajirin tsangaya da ya tashi da ruwayar Warshu yakan tarar yawancinsu Hafsu ne, sai ya nema kafin ya sami irin na allonsa. Akwai tafsirin Shaihu Abubakar Gumi, da na Shaihu Ɗahiru Usman Bauci, da na Malam Ja'afar Mahmud Adam. Akwai Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala da aka ɗauka a hoto, da takardun karatun ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Gumel. Kusa da su kuma ga finafinan Kannywood, da fassarar Indiya, da waƙoƙi tun daga na Mamman Shata zuwa na mawaƙan zamani. Tambayar da wannan ke tayarwa ita ce: abin da aka kwafa ba tare da an rage wa mai shi komai a hannunsa ba, halas ne ko cin haƙƙi?

Masu ganin halas ne suna da hujjar da ba a raina ta. Sata a fiƙihu ita ce ɗauke dukiyar wani a ɓoye daga ma'ajiyarta, har ya wayi gari babu ita. Turi kuwa ya fi kama da ɗibar wuta a murhun maƙwabciya: an kunna wani murhun, na farko bai mutu ba. Sun ƙara da cewa wanda ya sayi abu ya mallake shi, yana iya ba wanda ya so. A kan ilimin addini kuma suna kafa hujja da aya ta 159 ta Suratul Baƙara da hadisin da ya tsananta gargaɗi ga mai ɓoye ilimi. Tarihi ma yana tare da su ta wata fuska. Gumel ta daɗe tana da alaƙa da Barno, inda rubutun Alƙur'ani da hannu ya yi ƙarfi, kuma a tsawon zamanin da almajiri ke kwafar littafi daga hannun malaminsa ba a ji an nemi iznin magadan marubucin ba. Magabatan Hanafawa ba su ɗauki amfani zalla a matsayin dukiya ba, sai abin da ake iya riƙewa a adana, kuma a kan haka ne Mufti Muhammad Shafi na Pakistan ya ƙi yarda da sayar da haƙƙin wallafa.

Sai dai mazhabar Malikiyya, wadda ita ce ta wannan ƙasa, tana lissafa amfani cikin dukiya. Shi ya sa haya ta inganta, alhali mai haya ba ya mallakar gidan, zama kawai ya saya. Alƙarafi, malamin Malikiyya na Masar da ya rasu a 1285, ya bambanta a littafinsa Alfuruƙ tsakanin wanda ya mallaki amfanin abu, har yana iya sayar da shi ko ba da aronsa, da wanda aka yi wa iznin ya amfana shi kaɗai. Wannan bambanci ya zauna daram a kan mas'alar. Wanda ya sayi fim ko littafi, kallo ko karatu aka sayar masa, ba ikon bugawa da rarrabawa ba. Haka kuma karɓar lada a kan koyar da Alƙur'ani halas ne a mazhabar, Risala ma ta ambaci haka, kuma kuɗin Laraba da ake kai wa malamin allo shaida ne. Idan neman ladan koyarwa ba ɓoye ilimi ba ne, to neman ladan wallafa ma ba shi ba ne.

Kwafar zamanin da kuma ba ta cutar da marubuci, domin mai kwafa yakan shafe watanni da alƙalami da tawada kafin ya gama kwafi ɗaya, kuma marubucin bai zuba jari yana jiran ciniki ba. Injin ɗab'i ne ya sauya lamarin, shi ya sa dokar haƙƙin mallaka ta farko ta fito a Ingila a 1710. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta duba batun a zamanta na biyar a Kuwait, cikin Disambar 1988, ta yanke a ƙuduri na 43 cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙoƙi ne masu ƙimar dukiya a al'adar wannan zamani, shari'a tana kare su, bai halasta a keta su ba. A Najeriya dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris 2023, tana kare rubutu har shekara 70 bayan rasuwar marubuci, fim kuma shekara 50 bayan fitowarsa. Cutarwar ma ba a ɓoye take ba. Kasuwar faifan fim ta Ƙofar Wambai a Kano ta durƙushe, masu shirya fim suka koma YouTube, inda ake biya gwargwadon yawan masu kallo, kuma kallon da aka yi daga memori ba ya shiga lissafin.

Abin da ya fi kusa da daidai shi ne a daina yi wa memori hukunci ɗaya. Turi ba sata ce mai haddi ba, domin sharuɗɗan haddin ba su cika ba, amma rashin haddi bai mai da abu halas ba. Ma'aunin shi ne yardar mai abu, wadda aya ta 29 ta Suratun Nisa'i ta sa ta zama sharaɗin cin dukiyar juna, kuma yarda tana tabbata da furuci ko da al'ada. Malamin da ya zauna a masallaci cikin azumi, aka kafa lasifika, aka ɗauki karatunsa, al'ada ta nuna so yake a yaɗa, mai yaɗawa ma ana fatan ya sami lada. Tsofaffin littattafan fiƙihu da marubutansu suka rasu ƙarnoni da suka wuce na kowa ne. Mawaƙin da ke sakin waƙa don a san shi a gayyace shi biki ko taron siyasa ya ba da izni da aikinsa. Amma fim ɗin da aka kashe wa kuɗi ake sayarwa, da littafin da marubuciya ta sa wa farashi, da fassarar da malami ya buga da bashin maɗaba'a, waɗannan gumin mutane ne. Ɗalibin da ya rasa kuɗin littafin da karatunsa ya tsaya a kai, wasu malamai sun yi masa rangwame ya kwafa don kansa. Rangwamen bai kai ga mai sayarwa ba, balle mai neman nishaɗi.

Batun jona waya da hotspot ɗin wani ba da saninsa ba ya fi wannan sauƙi, domin data kuɗi ce da ke ƙarewa, abin da aka ja ya ragu a wurin mai ita. Haramcinsa ba ya buƙatar dogon bincike.

Akwai wani haƙƙin da ba na kuɗi ba, wanda ya fi nauyi a kan maras data. Karatu yakan iso memori a yanke, minti biyu daga zaman awa biyu, babu kwanan wata, wani lokaci da sunan wani malami daban a kai. Mai intanet yana iya neman cikakken karatun ya ji abin da ya gabata da abin da ya biyo baya. Na ƙauye ba shi da wannan dama, abin da aka zuba masa shi ne iyakar abin da ya sani. Shaihu Gumi ya rasu a 1992, an kashe Malam Ja'afar a 2007, ba su nan balle su ce ba haka suke nufi ba. Malaman hadisi sun kafa isnadi ne don a san wa ya faɗa, daga wa aka ji, kuma aya ta 6 ta Suratul Hujurat ta yi umarni da a tantance labari kafin a yi aiki da shi. Yanke maganar malami yadda za ta juya ma'ana ƙarya ce aka yi masa, ko da kowace kalma tasa ce.

Sana'ar mai turi, a asalinta, ijara ce ingantacciya: yana karɓar ladan wutarsa da na'urarsa da datar da ya kashe da lokacinsa, kamar yadda mai rubutun Alƙur'ani ke karɓar ladan hannunsa. Kuɗin da ya karɓa a kan karatun da aka saki don a yaɗa, ya zuba shi cikakke da sunan mai shi, halas ne. Wanda ya karɓa a kan kayan da masu su ke sayarwa ba ya halasta sai da izninsu ko yarjejeniya da su, kuma mai cewa "tura min" yana da nasa kason na alhakin idan ya san haka.