Makarantar da Ta Gaza: A Hukunta Ta ko A Tallafe Ta?

 

Ya ku ƴan'uwa Musulmi, kowace shekara idan damina ta kama, sakamakon jarrabawa ya fito, magana takan tashi a Birnin Lalle da ƙauyukan da ke kewaye da ita. Wata lakwal ta fitar da yara da dama, wata kuwa ba ta fitar da kowa ba. Wani dattijo daga wani ƙauye ya tare ni bayan sallar La'asar, ya ce: "Malam, shekara shida ɗana yana zuwa lakwal, ga shi ko wasiƙa bai iya karantawa. Mu kai ƙarar mushe ne, ko mu janye ƴaƴanmu su koma gona?" Ban ba shi amsa a tsaye ba, domin tambayarsa ta fi ƙarfin amsar tsaye. Ita ce nake so mu duba tare: makarantar da aka auna aka tarar ta gaza, me adalci ya wajabta a yi da ita?

Yadda ma'auni ya zo mana

A 1998 aka kafa dokar da ta tsara ilimi a Nijar, wadda ta ce ilimi haƙƙin kowane ɗan ƙasa ne, ta kuma raba nauyinsa tsakanin gwamnati da ƙananan hukumomi da iyaye. A 2003 aka soma shirin shekara goma na bunƙasa ilimi. Makarantu suka yawaita har cikin daji, aka ɗauki malaman kwantiragi da yawa, yara suka cika azuzuwa. Sai aka zo awo. Binciken PASEC na 2014, wanda ake yi a ƙasashen Afirka masu aiki da Faransanci, ya nuna cewa cikin yara goma da ke ƙare firamare a Nijar, ko ɗaya bai cika ba wanda karatunsa ya kai matakin da ake nema. A na 2019 an samu ci gaba, aka kai kimanin uku cikin goma. A 2017 gwamnati ta yi wa malaman kwantiragi na firamare jarrabawa, kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai suka sami rabin maki. Aka sallami wasu, aka sake horar da wasu. A 2024 kuma aka maido da jarrabawar sartifika bayan an daina ta kimanin shekara goma. Saboda haka yau ba wata makaranta da za ta ɓoye halinta.

Hisabi wajibi ne

Da farko dai, wanda ya ce kada a auna makaranta bai yi daidai ba. Yaro amana ne. Talakan da ya tura ɗansa lakwal ya haƙura da hannun da zai taya shi noma, ko ya kora masa awaki zuwa rijiya. Wannan shi ne farashin da ya biya. Idan bayan shekara shida aka maido masa yaro bai iya karatu ba, to an tauye masa mudu, kuma mun san irin narkon da ya zo a Suratul Muɗaffifina a kan masu tauye mudu. Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, ya kasance yana rubuta dukiyar gwamna a ranar da ya naɗa shi, sa'an nan ya bi diddiginsa, ya saurari ƙarar talakawa a kansa. Ashe tambayar wanda aka ba amana ba sabon abu ba ne gare mu. Sai dai hisabi yana da sharuɗɗa, in babu su ya koma zalunci.

Sharuɗɗan hisabi na adalci

Sharaɗi na farko shi ne a duba iko. Shari'a ba ta ɗora wa mutum abin da ya fi ƙarfinsa. Mu dubi lakwal ta ƙauye a ƙasar Dakoro. Ajinta na zana ne, ba a kafa shi sai an yi girbi an sami kara, ruwan farko kuma shi ke tashinsa. Shekarar karatu ta guntule ke nan ta gaba da ta baya. Malami ɗaya yana iya riƙe aji biyu ko uku. Ana koyarwa da Faransanci, harshen da yaro bai taɓa ji a gidansu ba. Idan rani ya tsananta, ƴaƴan makiyaya sun bi dabbobi, ƴaƴan manoma kuwa wasu sun zo da yunwa. Ba mu manta da gobarar Maradi ta Nuwamban 2021 ba, inda yara fiye da 20 suka rasu a cikin azuzuwan zana, watanni kaɗan bayan irinta a Yamai. Allah ya jiƙansu. Wanda zai gwada wannan makaranta da ta birni mai ginin siminti da littattafai, ya kamata ya tuna cewa Sayyidina Umar ya dakatar da haddin sata a shekarar yunwa. Bai halatta sata ba. Ya dubi halin da mutane ke ciki ne kafin ya hukunta.

Sharaɗi na biyu shi ne a auna tafiyar da aka yi, kada a tsaya ga inda aka iso kawai. Ku dubi hikimar zakkar hatsi: gonar da ruwan sama ya shayar ana fitar da ɗaya cikin goma, wadda aka shayar da wahala kuwa rabin haka. Shari'a ta lissafa wahala. Malamin da ya karɓi yaran da ba su san baƙi ko ɗaya ba, ya kai su ga haɗa kalmomi a cikin shekara, ya yi aiki babba ko da ba su ci sartifika ba. Manomin jigawa da ya sami damin gero ashirin yana iya fin na fadama da ya sami hamsin ƙoƙari.

Sharaɗi na uku shi ne mai tambaya ya yarda a tambaye shi. Hukumar da ke neman sakamako, shin ta kawo littattafai? Ta biya malami a kan kari? Mai duba makarantu ya zo ya zauna a aji? Uban da ke ƙarar mushe, kwana nawa ya hana ɗansa zuwa saboda kasuwa ko roron wake? Hisabin da ke gangarowa kan mai rauni shi kaɗai, wanda ba ya hawa sama, ba shi da albarka.

Abin da tsoro ke haifarwa

Ba mu kaɗai muka fuskanci wannan tambaya ba. A Amurka an kafa wata doka a 2002 wadda ta sa a riƙa auna yara kowace shekara, makarantar da ta daɗe ba ta kai ba kuma a canza shugabanninta ko a sake mata tsari. A birnin Atlanta sai aka gano malamai suna goge amsoshin yara suna gyarawa don maki ya hau, har kotu ta kama goma sha ɗaya da laifi a 2015. A wannan shekarar aka maye dokar da wata, wadda ta ce kowace jiha ta gano makarantunta mafi rauni ta tsara yadda za a tallafa musu. Darasin a fili yake. Idan tsoron kora kaɗai ke riƙe da malami, zai koyi gyara takarda maimakon gyara yaro: ya hana mai rauni shiga jarrabawa don lissafi ya yi kyau, ko ya kau da kai ga satar amsa. Daga nan yaro ya rasa karatu, ya kuma koyi ha'inci daga wanda ya kamata ya koya masa gaskiya.

To, ina mafita?

Dole ne a rarrabe tsakanin gazawa da cin amana. Malamin da ke ƙoƙari amma iliminsa ya gaza, maganinsa horo ne da taimako. Wanda ke cin kuɗin wata alhali ya bar aji ya tafi harkokinsa, a yi masa nasiha, sa'an nan gargaɗi, in ya ƙi a kai maganarsa ga hukuma a ɗauke shi. Tausaya masa zaluntar yara ne. Amma makaranta kanta ba a hukunta ta, domin in an wulaƙanta ta ko an ƙaurace mata, yara ne ke sha. Ni liman ne, an kuma umarci liman ya sauƙaƙa salla saboda tsoho da mara lafiya da mai uzuri da ke bayansa. Ayari ma da tafiyar raƙumi mai rauni yake auna zango. Haka ya kamata makaranta mafi rauni ta riga kowa samun gogaggen malami, da littafi, da abincin rana ga yara.

Mu kuma jama'a ga namu. Kowace lakwal tana da kwamitin da aka sani da COGES, wanda aka ƙarfafa aikinsa a jihar Tawa tun 2004 da taimakon ƙasar Japan kafin ya bazu ko'ina. Inda ya yi aiki, jama'a ne suka zaɓi mutanensa da ƙuri'a, suka taru aka karanta musu sakamakon ƴaƴansu, suka shirya wa yara ƙarin darasi bayan an tashi. Mu halarci taronsa, mu zaɓi amintattu, mu tambayi inda kuɗi suka shiga. Mu kafa aji da wuri, mu ba baƙon malami masauki, mu girmama shi a gaban ƴaƴanmu. Masu hali su sani gina aji sadaka ce mai gudana. Mu malaman allo kuma mu tsara lokaci, asuba da dare na Alƙur'ani, rana ta lakwal, kada yaro ya tsaya tsakanin malamai biyu ana jan sa. Tun da aka buɗe madarsar Sayi a 1957 aka ga Larabci da Faransanci sun zauna a aji ɗaya, ni ma irin wannan karatun na yi. Ƴa mace kuwa haƙƙinta a nan daidai yake da na ɗa namiji.

Ga dattijon da ya tambaye ni, amsata ita ce: kada ka janye ɗanka, kada kuma ka yi shiru. Je ka zauna da malamin, ka ji abin da ya rasa, ka kawo naka, sa'an nan ka nemi nasa. Ranar hisabi na gaskiya kowa za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo, kuma babu takardar da za a gyara a ranar.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba su ilimi mai amfani, ya taimaki malamanmu da shugabanninmu a kan riƙon amana. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa nawa ne.