Gishiri da Amanar Tukunya

'Yan'uwa, shin ƙauna ce mu ciyar da iyalinmu abin da ke musu daɗi alhali yana cutar da su? Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci kowane babba ya ci ƙasa da giram 5 na gishiri a rana, wato bai cika ƙaramin cokali ba. Amma mukan zuba gishiri a miya, mu ƙara dunƙulen magi, wanda shi ma cike yake da gishiri. Daga nan sai hawan jini, wani lokaci har shanyewar ɓarin jiki. Rai amana ce daga Allah, mai riƙe da ludayi kuwa yana riƙe da lafiyar gida. Saboda haka kada maigida ya yi gunaguni in uwargida ta rage gishiri ta koma ga daddawa. Harshe zai saba.