Azumin da Ba a Wajabta Ba

A shekarar 2026 Allah Ya nufa watan Ramalana da azumin Kirista na kwana arba'in suka kama cikin mako guda, domin Larabar Toka, ranar da Kirista ke fara nasu, ta faɗo ran 18 ga Fabrairu. Saboda haka a unguwar Yantala ta birnin Yamai, inda Kirista ƙalilan ne a tsakanin Musulmi, mai lambun da ya wuni yana ban ruwa a bakin kogi, leɓɓansa a bushe, yana iya ganin maƙwabcinsa ya komo daga majami'a da alamar gicciye ta toka a goshi, ya kuma ga ya ɗaga moɗa ya sha ruwa da rana tsaka, sai ya ce a ransa: wannan kuma wane irin azumi ne?

Amsar da ta fi jan hankalina ita ce ta mabiya Martin Luther, malamin nan na ƙasar Jamus, waɗanda jama'arsu ta kafu a Numan tun zuwan Dakta Bronnum daga Denmark a 1913, har yau kuwa da Hausa suke yawancin wa'azi da waƙoƙinsu. Suna kiyaye wannan lokaci har jajibirin Ista, ban da ranakun Lahadi, don tunawa da kwanakin da Yesu Almasihu ya yi cikin jeji bai ci kome ba, suna yawaita addu'a da karatun labarin shan wuyarsa. Amma a takardar aƙidarsu da aka gabatar a Augsburg a 1530 sun bayyana cewa ba azumi suka ƙi ba. Abin da suka ƙi shi ne a ɗora wa mutane dokar ranaku da nau'in abinci, a ce da ita ake samun gafara, alhali kuwa gafara a wurinsu alherin Allah ce, wadda ake karɓa ta bangaskiya, yunwa ba ta sayenta.

Tsakanin wannan da azumin Musulmi, wanda yake farilla, rukuni cikin rukunai biyar, akwai bambanci na haƙiƙa, ban kuwa ga amfanin ɓoye shi ba. Sai dai a ganina ibadar da ba a wajabta ba ta fi wuyar riƙo, domin ba gangar sahur da za ta tashe ka, ba idon jama'a da zai tsare ka, niyya kaɗai ke gadinta, kasala kuwa takan shigo da rigar 'yanci. Luther da kansa, a farkon mas'aloli 95 da ya fitar a 1517, ya nuna tuba aikin dukan rayuwar mai bi ce, wanda ya fi kwana arba'in nauyi nesa ba kusa ba.

Saboda haka, ya mai karatu, kafin ka yanke wa maƙwabcinka hukunci a kan moɗar ruwa, tambaye shi abin da ya bari domin Allah, ka kuma saurari amsarsa da ladabi.