Me Ke Daskarar da Nono? Sababi da Ikon Allah

Madarar da aka tatsa da yamma a rugagen Zermu, cikin jihar Damagaram, takan wayi gari ta zama kindirmo idan an zuba mata ɗan ragowar nonon jiya. Me ya daskarar da ita? A kan wannan tambaya ne masu binciken kimiyya da malaman tauhidi suke haɗuwa.

A shekarar 1857 Louis Pasteur na Faransa ya nuna cewa wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani ne ke mayar da sukarin madara ya zama tsami. Don nazarin waɗannan bakteriya, akan haɗa musu abincin raino a ɗakin bincike. Sananne daga ciki shi ne MRS, wanda de Man da Rogosa da Sharpe suka fitar a 1960, mai ɗauke da sukarin gulukos da tataccen nama da na yis. Akwai kuma irin wanda ake auna kowane sinadarinsa daki-daki, a cire guda a ga abin da zai biyo baya. Bincike ya tabbatar da cewa bakteriya biyu masu yin yogot suna cuɗanyar juna: Streptococcus thermophilus yana fitar da sinadarin da Lactobacillus bulgaricus ke buƙata, shi kuma wannan yana farfasa furotin ɗin madara su ci tare. In sun haɗu, madara ta fi saurin tsami.

Malaman zaure na ƙasar Hausa, mabiya aƙidar Ash'ariyya, sun daɗe suna karantar da Ummul Barahin na Shehu Sanusi, wanda ya rasu a 1490. A sharhin littafin, Shehu Sanusi ya kasa hukunci gida uku: na hankali, na shari'a, da na al'ada. Hukuncin al'ada shi ne tabbatar da alaƙa tsakanin abu biyu saboda an sha ganinsu tare, alhali Allah ne mai halittar sakamakon, kuma yana da ikon saɓa wa abin da aka saba. Imam Gazali ya kare wannan fahimta. Ibnu Rushdi ya soke ta, yana ganin duk wanda ya kore sababi ya rushe ilmi.

Aikin ɗakin bincike kacokan a kan maimaitawa yake, wato a fagen hukuncin al'ada. Yana faɗin sharuɗɗan da madara ke daskarewa a cikinsu, amma ba shi da ma'aunin da zai gano wanda ya shimfiɗa wannan tsari. Saboda haka sanin bakteriya bai rage wa tauhidi komai ba, kuma tawakkali bai ɗauke wa mai nono wanke ƙwarya da tafasa madara ba. Riƙo da sababi aikin bawa ne. Danganta tasiri ga Allah shi ne imaninsa.