Hukuncin Wasan Yara a Ranar Hunturu

A ƙasashen Turai da Amurka, idan dusar ƙanƙara ta toshe hanyoyi, hukuma takan rufe makarantu, yara su wuni suna wasa. Mu kuwa a Safo, da sauran garuruwan bakin Gulbin Maraɗi har zuwa tafkin Madarunfa, abin da Allah Ya ƙaddara mana shi ne hunturu, wanda tsakanin Disamba da Fabrairu yakan kwaso ƙura tun daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, ya lulluɓe gari da hazo, har a wayi gari wata rana jaura tana ratsa ajin zana, uwa ta dubi ƙananan 'ya'yanta suna karkarwa, ta ce yau ba mai zuwa lakwal sai rana ta ɗaga. Nan take tsakar gida ta kaure da murna: a zagaye murhu ana jin ɗumi, a binne dankali cikin toka, kaka ta zuba kunu, maza su shiga langa, mata su shiga carafke.

To, a nan mas'ala take, domin akwai magidantan da, saboda kishin tarbiyya, suke ɗaukar wannan annashuwa a matsayin lagawu da tozarta lokaci, suna kafa hujja da cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Niyyarsu kyakkyawa ce, amma fa shari'a ta fi su sanin ɗabi'ar ɗan Adam. Ya tabbata a hadisi cewa a daren sanyi da ruwa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan umarci ladan ya sanar da mutane su yi salla a masaukansu. Idan kuwa an yi wa baligi mukallafi rangwame a kan jam'i, ina ga yaron da alƙalami bai hau kansa ba tukuna? Haka nan Manzon Allah ya tsawaita sujada domin jikansa ya hau bayansa, bai so ya katse masa wasa ba. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya bayyana a cikin littafinsa Ihya'u cewa hana yaro wasa bayan karatu yana kashe masa zuciya, ya dusashe basirarsa, har ya koma neman dabarar guje wa ilmin baki ɗaya. Hutun Alhamis na makarantun allo, wanda malamanmu suke danganta asalinsa ga Sayyidina Umar, shi ma a kan wannan hikima ya ginu.

Sai dai rangwame yana da iyaka, kada sanyi ya zama uzurin yanke karatu, kada wasa ya ci lokacin salla, kada kuma a hana yarinya lakwal da sunan tausayi sannan a ɗora mata tallar ƙosai cikin jaurar nan, domin wannan zalunci ne. Wajibi ne kuma babba ya tsaya kan wuta, tun da yawancin shingayenmu kara ne da zana.

Saboda haka, ya kai maigida, idan irin wannan rana ta zo, ajiye tsawa, ka zauna cikin iyalinka, ka saurari allonsu kaɗan, ka bar su su yi dariya da yawa. Matuƙar ka kyautata niyya, zaman nan ibada ne da za a ba ka ladansa.